Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Karatu: Daniyel 1:1-21



Zan fara da abin da ba na jin daɗin faɗa. Ina cikin shekarata ta biyu a aikin bishara aka tura ni wani ƙauye in riƙe wata ƙaramar majami'a marar rufi. A ƙarƙashin zana muke sujada, idan hadari ya haɗo sai a gajarta wa'azi. Damina biyu 'yan'uwa suka yi suna tara kuɗin kwanon rufi. Wannan ta sayar da kaza, wancan ya kawo tiyar masara. Da yake ni ne mai bishara, sai aka ce kuɗin su zauna a hannuna har su cika.

Ana nan sai ɗana ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ga shi ba ko sisi a gida. Na buɗe gwangwanin, na ɗebi abin da zai kai mu asibiti, na ce wa kaina ƙarshen wata zan mayar. Wata ya ƙare ban mayar ba. Da babur ɗina ya lalace na sake ɗiba, wannan karon ko gabana bai faɗi ba. Ranar da dattawa suka ce lokaci ya yi a je a sayo kwano, na ce musu na ji ya yi tsada, mu ɗan jira. Ƙarya ce. Mako uku na yi ina hawa bagade bakina a bushe, ina yi wa mutane addu'a zuciyata tana tuhumata. A ƙarshe na tara dattawan na faɗi gaskiya. Matata ta sayar da keken ɗinkinta muka cika kuɗin.

Bayan an watse, wani tsoho cikin dattawan, manomi ne da bai yi zurfin karatu ba, ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, da ka zo mana da maganar yaron, da ba mu bar ka kai kaɗai ba. Amma faɗa mini, wace rana ce ka yanke shawarar taɓa kuɗin Allah?" Na ce, "Baba, ban taɓa yanke wannan shawara ba. Abin ne ya zo mini haka." Ya ce, "To, a nan ka faɗi. Ba ka yanke shawarar taɓawa ba, amma kuma ba ka taɓa zama ka yanke cewa ba za ka taɓa ba. Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya."

A daren nan na buɗe shafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki nawa, inda babu rubutu, na rubuta layi ɗaya: kuɗin da ba nawa ba ba za su kwana a ɗakina ba, ba kuwa zan ƙirga su ni kaɗai ba. Wannan ce ƙa'ida ta farko da na rubuta wa kaina. A kan wannan al'amari nake so mu yi tunani yau: mai bi ya zauna a gaban Allah tun ana zaune lafiya, ya rubuta iyakokin da ba zai ƙetare ba.

Daniyel ya riga ya yanke

Wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin sarki Yehoyakim, Nebukadnezzar ya zo Urushalima ya kwashi waɗansu samari daga gidan sarauta da gidajen manya zuwa Babila. Daniyel yana cikinsu, da Hananiya da Mishayel da Azariya. Aka shirya musu horo na shekara 3. Aka sauya musu suna, aka koya musu harshe da rubutun Kaldiyawa, aka kuma yanka musu rabo daga abincin sarki da ruwan inabinsa kowace rana.

Ku lura da abin da saurayin nan ya yi. Sabon suna bai yi gardama a kai ba. Karatun ma ya yi shi, har ya fi 'yan ƙasa. Amma da aka zo kan abinci, aya ta 8 ta nuna mana cewa maganar ta riga ta ƙare a zuciyarsa. Ba iyayensa a wurin, ba firist, ba wanda zai kai ƙararsa gida. Duk da haka ya san inda zai tsaya. Bai kuma yi rashin kunya ba. Cikin ladabi ya roƙi a gwada su kwana 10 da ganyaye da ruwa, Allah kuwa ya tsaya masa.

Fiye da shekara 60 bayan haka, a sura ta 6, Daniyel ya tsufa, mulki ya koma hannun Dariyus. Maƙiyansa suka sa aka kafa dokar kwana 30 cewa kada kowa ya roƙi wani allah ko mutum sai sarki. Daniyel bai nemi a ba shi lokaci ya yi tunani ba. Ya shiga ɗakinsa na bene, tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau 3 a rana kamar yadda ya saba. Kalmar nan "saba" ita ce asirin. Mutumin da ya shiga ramin zakoki da ƙarfin zuciya, a kan kwanon abinci ya fara koyon tsayawa tun yana yaro.

Ku kwatanta shi da Samson. Ruhun Ubangiji yana saukowa a kansa da iko, ya yayyaga zaki da hannu, ya kashe mutum 1,000 da muƙamuƙin jaki. An keɓe shi tun daga ciki, an kuma faɗa wa iyayensa ƙa'idodin keɓewarsa. Amma shi da kansa bai taɓa ɗaukar iyakokin nan a matsayin nasa ba. Abin da idonsa ya gani ya so, shi yake bi. Ƙarshensa aka ƙwaƙule masa idanu, yana niƙa a kurkukun Gaza. Mu da muke ƙaunar ikon Ruhu Mai Tsarki, muna addu'a da harsuna, muna ɗora hannu ana warkewa, sai mu ji tsoron wannan labari. Baiwa tana iya kai mutum wuri mai tsawo, amma hali ne yake riƙe shi a can.

Me ya sa sai an rubuta?

Wani zai ce, "Ai muna da Littafi Mai Tsarki, muna da Dokoki Goma, muna da Ruhu a cikinmu. Wace doka kuma ake nema?" Gaskiya ne, ba wanda zai ƙara ko ɗigo a kan Maganar Allah. Abin da nake nufi shi ne ka ɗauko abin da Allah ya riga ya faɗa, ka kawo shi ƙofar shagonka, da teburin ofishinka, da wayar da ke aljihunka. Doka ta hana sata, kowa ya sani. Amma ni ban ga kaina a cikin dokar ba sai da na rubuta maganar gwangwanin kuɗi.

Bayin Allah sun yi haka tun dā. A Ayuba 31 mun ga mutumin da ya ƙulla yarjejeniya da idanunsa game da kallon mace. A surar kuma ya bi rayuwarsa ɗaya bayan ɗaya: yadda yake sauraron ƙarar bayinsa, yadda yake yi da gwauruwa da maraya, ko ya dogara ga zinariya, ko ya yi murna da faɗuwar maƙiyinsa, ko ya bar baƙo ya kwana a titi. A Zabura 101 Dauda ya jera abin da zai yi da abin da ba zai yi ba a cikin gidansa, har da irin mutanen da zai yarda su yi masa hidima. A Maimaitawar Shari'a 17 an umarci duk sarkin da zai hau gadon Isra'ila ya rubuta wa kansa kwafin shari'a, ya ajiye kusa da shi, yana karantawa muddin ransa. A zamanin Nehemiya jama'a ba su tsaya ga kuka da tuba ba. Sun rubuta alkawari, shugabanni suka buga hatimi, aka ambaci abubuwa da sunansu: auratayya da arna, ciniki ran Asabar, yafe bashi a shekara ta bakwai, da kula da Haikali.

A tarihin ikilisiya ma haka ne. Jonatan Edwads, wanda Allah ya yi amfani da shi a babbar farkawar da aka yi a Amurka, yana ɗan shekara 19 ya fara rubuta wa kansa ƙudurori. Tsakanin 1722 da 1723 ya rubuta guda 70. Ya fara da amincewa cewa ba zai iya kome ba sai da taimakon Allah, ya kuma ɗora wa kansa karanta su sau ɗaya kowane mako. A ciki akwai batun ramuwa, da ci da sha, da ɓata lokaci, da yin magana a kan mutane. A Ingila kuwa, a 1743, Jon Wesli ya rubuta wa ƙungiyoyin masu binsa ƙa'idodi a ƙarƙashin kai uku: guje wa mugunta, aikata alheri, da riƙe hanyoyin da Allah ya ba mu na kusantarsa, kamar sujada, Jibin Ubangiji, addu'a, nazarin Magana da azumi.

Dalilin rubutu a fili yake. Zuciya tana da wayo. Abin da ka ce a ranka ranar Lahadi, ran Laraba za ta sauya masa fassara. Za ta ce maka aro ne, ba sata ba. Za ta ce gaisuwa ce kawai, ba wani abu. Takarda kuwa ba ta sauya magana. Abin da ka rubuta ranar da hankalinka yake kwance, shi zai tsaya ya dube ka ranar da jini ya hau.

Yadda za ka rubuta naka

Na ɗaya, fara da addu'a. Keɓe lokaci, in ka iya haɗa da azumi. Roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka inda katangarka ta tsage. Shi ya san ka fiye da yadda ka san kanka.

Na biyu, duba inda ka saba faɗuwa. Kada ka kwafi na wani. Mutumin da giya ba ta taɓa jan hankalinsa ba, ya rubuta cewa ba zai sha ba, bai yi aikin kome ba. Tambayi kanka: wane zunubi ne nake tuba a kansa sau da sau? A wane wuri? Da wane lokaci? Tare da wa? In kana da ƙarfin hali, tambayi matarka, ke kuma tambayi maigidanki. Za ku ji abin da ba ku zata ba.

Na uku, kira abu da sunansa. "Zan zama mutumin kirki" ba ƙa'ida ba ce, fata ne. 'Yar kasuwa ta rubuta: mudun da nake saye da shi, da shi zan sayar. Tela ya rubuta: ba zan karɓi ɗinkin Kirsimeti da na san ba zan gama ba. Ma'aikaci ya rubuta: ba zan sa hannu a takardar kayan da ban gani da idona ba. Ɗalibi ya rubuta: gara in faɗi jarrabawa da in shiga da satar amsa. Saurayi ya rubuta: ba zan sa ko naira ɗaya a cacar ƙwallo ba, wayata kuma ba za ta hau gado tare da ni ba. Ƙa'ida mai kyau ita ce wadda in dare ya yi za ka iya cewa na kiyaye, ko na karya.

Na huɗu, kafa dangar nesa da bakin rami. Farawa 39 ta nuna cewa Yusufu bai ƙi kwana da matar Fotifar kaɗai ba, har zama kusa da ita ya ƙi. Da ta kama rigarsa, bai tsaya yi mata wa'azi ba, ya bar rigar ya gudu. Kada ka rubuta ƙa'idarka a daidai inda zunubi yake farawa. Ja da baya taku goma.

Na biyar, kowace ƙa'ida ta sami gindi a cikin Maganar Allah. Rubuta ayar a gefenta. Wadda ka rasa mata aya, sake dubawa, mai yiwuwa al'ada ce ko ra'ayinka.

Na shida, kada su yi yawa, kada kuma duka su zama hani. Edwads ya iya 70, ni ban iya ba. Biyar ko bakwai da kake tunawa sun fi hamsin da ke kwance a akwati. Sa abin da za ka yi, kamar lokacin addu'a, da bayarwa, da ziyarar marasa lafiya. Yesu ya yi gargaɗi a Matiyu 12 game da gidan da aka share aka bar shi ba kowa: abin da ya fita yakan komo da waɗanda suka fi shi mugunta.

Na bakwai, nuna wa mutum ɗaya mai tsoron Allah, mai riƙe asiri. Ba shi izini ya tambaye ka ba tare da jin nauyi ba.

Ga nawa, kamar yadda suke a bayan Littafina yau. Ban kawo su don ku kwafa ba, sai don ku ga yadda abin yake da sauƙi.

1. Kuɗin ikilisiya ba za su kwana a ɗakina ba, ba zan ƙirga su ni kaɗai ba.
2. In ina cikin rashi zan faɗa wa dattawa kafin in nemi wata hanya.
3. Ba zan yi wa mace shawara ko addu'a a ɗaki a rufe ba, sai da matata ko wata dattijuwa.
4. Ba zan ce "Ubangiji ya faɗa mini" a kan abin da tunanina ne ba.
5. Ba zan ƙara gishiri a cikin shaida ba, ko a yawan waɗanda suka tuba a taro.
6. Ba zan buɗe waya da safe ba sai na buɗe Maganar Allah.
7. In na ɓata wa wani rai a gidana, zan nemi gafara kafin in hau bagade.

Ta huɗu da ta biyar sun fi ba ni wahala. In ka dawo daga taron bishara ana jiran rahoto, mutum 12 suka fito gaba, bakinka yana so ya ce kusan 30. Sau da yawa layin nan ne yake kama harshena.

Ramuka uku a kan hanya

Ramin farko shi ne ka ɗauka takardar ce take cetonka. Ko kusa. Afisawa 2 ta koya mana cewa ceto kyauta ne ta wurin alheri, ba ladan aiki ba. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Kolosiyawa game da dokokin mutane masu kamannin hikima, waɗanda ba su da ikon kashe sha'awar jiki. Duk wanda ya taɓa yin lambu ya sani: danga ba ta sa tumatir ya yi 'ya'ya. Ruwa ne da rana suke yin wannan. Aikin danga shi ne ta hana akuya shiga. Alherin Allah da Ruhunsa su ne ruwan. In ka kafa danga ka daina ban ruwa, busasshen fili kake gadi.

Rami na biyu shi ne ka mai da ƙa'idarka mudun auna 'yan'uwa. Daniyel bai bi sauran samarin yana ƙwace musu kwano ba. Farisiyawa suna fitar da zakka har ta ganyayen miya, amma Yesu ya ce sun bar adalci da jinƙai da aminci. Romawa 14 ta hana mai ci ya rena wanda ba ya ci, ta kuma hana wanda ba ya ci ya hukunta mai ci. Laifi tudu ne. Takardar nan ta tudunka ce, ba ta na maƙwabci ba.

Rami na uku shi ne wa'adin gaggawa. Kada ka rubuta cikin zafin taro, kiɗa yana tashi, ka ɗaure kanka da rantsuwa. Yefta ya buɗe baki ya yi wa'adi bai auna ba, 'yarsa tilo ce ta fito tarbarsa. Mai-Wa'azi 5 ta nuna cewa rashin yin wa'adi ya fi yin sa a kasa cikawa. Bitrus ya bugi ƙirji cewa ko kowa ya gudu shi yana nan, kafin zakara ya yi cara ya yi musu sau 3. Saboda haka kada ka rantse. Rubuta a saman takardar: da taimakon Allah. Sa'an nan ka bar ta ta kwana bakwai kafin ka sa hannu.

Ranar da ka karya

Zan yi muku ƙarya in na ce ban taɓa karya nawa ba. Mutanen Nehemiya ma da suka buga hatimi, da ya koma wurin sarki ya dawo, sura ta 13 ta nuna ya tarar ana ciniki ran Asabar, Lawiyawa sun koma gona don an daina ba su rabonsu. Nehemiya bai yayyaga alkawarin ba. Ya sa aka rufe ƙofofin birni, ya sa masu tsaro, aka sake farawa.

Ranar da ka faɗi, Shaiɗan zai zo da murya mai taushi ya ce, "Ka gani? Munafuki ne kai. Yaga takardar ka huta." Kada ka saurare shi. Wasiƙar Yahaya ta fari ta tabbatar mana cewa akwai gafara da tsarkakewa ga mai furta zunubinsa, muna kuma da mai tsaya mana a gaban Uba. Tuba a ranar, kada ka bari ya kwana. In akwai abin mayarwa, mayar, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi. Faɗa wa wanda ka ba izinin tambayarka. Sa'an nan ka duba ta inda akuyar ta shiga, ka gyara wurin. Yesu bai kori Bitrus ba. A bakin teku ya tambaye shi sau 3 game da ƙauna, ya sake danƙa masa garken.

Majami'ar nan ta ƙauye tana da rufi yau. Tsohon da ya ja ni gefe ya tafi wurin Ubangiji. Matata ta daɗe kafin ta sake samun keken ɗinki, ba ta kuwa taɓa goranta mini ba, amma ni ban manta da abin da rashin layi ɗaya ya jawo wa gidana ba. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ba sai ka biya irin wannan kuɗin makaranta ba. Jarabar da za ta zo maka a wata mai zuwa ba za ta aiko da saƙo ba.

Abin yi a wannan mako

Karanta Daniyel 1, Ayuba 31 da Zabura 101, ɗaya kowace rana. A rana ta huɗu ɗauki biro da takarda ka rubuta ƙa'idodinka, kowace da ayarta. Bar su kwana bakwai kana addu'a a kansu, sa'an nan ka sa hannu da kwanan wata, ka nuna wa mutum ɗaya. Zaɓi rana ɗaya a mako da za ka riƙa karanta su.

Addu'a

Ya Uba, ka san inda nake da rauni, ba abin da yake ɓoye a gare ka. Ka gafarta mini lokatan da na bar ƙofa a buɗe na ce abin ne ya zo mini. Ka ba ni zuciya irin ta Daniyel, wadda take yanke shawara tun kafin a kawo kwano. Ruhu Mai Tsarki, ka riƙe hannuna sa'ad da nake rubutu, ka kuma ba ni ikon kiyaye abin da na rubuta. Ka tsare ni daga fahariya da hukunta 'yan'uwana. In na faɗi, ka tashe ni. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.